Ɗaukar Lauya A Shari'ar Aure Da Gado

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu tsaya ne a kan wata wasiƙa da wata baiwar Allah ta aiko wa wannan fili. Ta ce mijinta ya rasu yau shekara biyu ke nan, ya bar ta da 'ya'ya huɗu, biyu maza biyu mata, babbansu bai wuce shekara 12 ba. Ba ta da kishiya, mamacin kuma ba shi da iyaye ko kakanni a raye. Ya bar gida da gona da shago a kasuwa. Ƙanen mamacin ya karɓi shagon da cewa zai riƙa juya wa marayu, amma har yanzu ba a raba gado ba, ba ta ga tumuninta ba, abin da yake aiko wa yara kuwa ba ya kai su ko'ina. Da tura ta kai bango ta kai ƙara gaban alƙali, sai ta tarar ƙanen mijin nata ya zo da lauya, ita kuwa ko magana ba ta iya haɗawa a gaban taron maza. Ta yi niyyar neman nata lauyan, sai waɗansu suka ce mata aikin lauya haram ne, kuɗinsa haram ne, wanda ya ɗauke shi kuma ya yi tarayya da shi cikin zunubi. Tana tambaya: shin haka abin yake? In kuwa ba haka yake ba, yaya za ta yi ta gane na kirki?

Wannan tambaya ta shafi gidaje masu yawa, domin shari'ar saki da kul'i da ciyarwa da riƙon 'ya'ya da gado su ne suka fi cika kotunanmu. Saboda haka za mu amsa mata a fili, don kowa ya amfana.

ASALIN WAKILCI A SHARI'A

Abu na farko da ya kamata mu sani shi ne, abin da ake kira lauya a yau, malaman fiƙihu sun san shi tun da daɗewa da sunan wakilin husuma, watau mutumin da wani ya naɗa don ya tsaya masa a gaban alƙali. Wakilci kuwa halal ne. Malamai sun kafa hujja a kansa da labarin Ashabul Kahfi, yadda suka aiki ɗayansu birni da kuɗinsu don ya sayo musu abinci. A cikin Suratul Ƙasasi kuma mun ga Annabi Musa (A.S.) ya roƙi Ubangijinsa Ya haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna, domin Haruna ya fi shi fasahar harshe. Idan Annabin Allah ya nemi taimakon wanda ya fi shi iya bayani, to ina laifin gwauruwa mai marayu huɗu in ta nema?

An ruwaito cewa Sayyidina Aliyu (R.A.), duk da iliminsa da fasaharsa, ba ya son zaman husuma. In shari'a ta taso masa sai ya wakilta ɗan'uwansa Aƙilu, da Aƙilu ya manyanta kuma sai ya koma wakilta Abdullahi ɗan Ja'afaru. Littattafan da alƙalanmu suke hukunci da su, kamar Muhtasar na Shaihu Halilu da Tuhfatul Hukkami na Ibnu Asimi, kowanne yana da babi sukutum a kan wakilci. A cikinsu an bayyana cewa mutum yana da ikon naɗa wakili guda ɗaya a husuma ko da abokin shari'arsa bai so ba. An kuma gindaya sharuɗɗa: ba a wakilta maƙiyin abokin shari'a don a ƙuntata masa, wanda kuma ya riga ya zauna da abokin shari'arsa kamar sau uku a gaban alƙali ba zai kawo wakili daga baya ba sai da uzuri. Haka nan ba a wakilci a rantsuwa. In rantsuwa ta hau kanka, kai ne za ka yi ta da bakinka.

To daga ina ƙyamar lauya ta samo asali a ƙasarmu? Tana da tarihi. A zamanin En'e, da kuma bayan an mayar da kotunan alƙalai hannun gwamnatocin jihohi a 1968, doka ta hana lauyoyi tsayawa a waɗannan kotuna. Haka abin yake a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a wadda aka kafa a Jihar Arewa a 1960. Sai bayan tsarin mulkin 1979 ne manyan kotuna suka yanke cewa wannan hani ya saɓa wa haƙƙin ɗan ƙasa, aka buɗe ƙofa a cikin shekarun 1980. Iyayenmu sun tashi sun ga lauya a kotun Turawa kaɗai, da baƙar riga da hular gashi, yana kare wanda kowa ya san ya yi laifi, sai suka ɗauka aikin ke nan gaba ɗaya. A yau kuwa akwai ɗaruruwan lauyoyi Musulmi, maza da mata, waɗanda suka karanta shari'ar Musulunci tare da dokar ƙasa a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri. Hukuncin lauya hukuncin kowane wakili ne: in ya tsaya wa gaskiya aikinsa da ladansa halal ne, in ya tsaya wa ƙarya yana sane, to shi da wanda ya ɗauke shi sun yi tarayya a cikin zunubi.

HUKUNCIN ALƘALI BA YA HALATTA HARAM

Dalilin wannan kuwa a bayyane yake. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 105, Allah Ta'ala Ya hana AnnabinSa zama mai kare maha'inta. Malaman tafsiri sun ce ayar ta sauka ne a kan wani mutum daga Banu Ubairiƙ da ya saci sulke, ya ɗora wa wani Bayahude, danginsa kuma suka zo suna neman Annabi (S.A.W.) ya wanke shi. Allah Ya wanke Bayahuden, Ya tona asirin mai satar, alhali yana ikirarin Musulunci. Wannan aya ita ce ma'aunin aikin kowane lauya Musulmi.

Kazalika a hadisin Ummu Salama (R.A.) wanda Imamu Malik da Buhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (S.A.W.) ya sanar da sahabbansa cewa shi mutum ne, yana hukunci da abin da ya ji, mai yiwuwa ne wani ya fi abokin shari'arsa iya tsara hujja har a yanke masa abin da ba nasa ba. Sai ya gargaɗe su cewa wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa ta wannan hanya, to yanki ne na wuta aka yankar masa. Ku duba, ya 'yan'uwa. In hukuncin Annabi da kansa bai halatta wa mai ƙarya abin da ya ci ba, ina ga hukuncin alƙalin garinku? Mutum yana iya sayen harshen lauya, ya ci shari'a, a ba shi takarda mai hatimi, ya fito ana yi masa barka, alhali garwashi ya ɗauko ya kai gida ya ciyar da iyalinsa.

Saboda haka tun kafin ka nemi lauya, fara da tambayar zuciyarka: haƙƙina nake nema, ko kuwa so nake in wulaƙanta wance don ta ƙi zama da ni? Da yawa daga cikin mazajen da ke ɗaukar lauya a shari'ar kul'i sun san auren ya ƙare, abin da suke so kawai shi ne a yi ta ɗaga shari'a, matar ta rasa aure ta rasa saki, ko a yanka mata kuɗin da ba za ta iya biya ba. Alhali kuwa da matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta zo wa Annabi (S.A.W.) tana neman rabuwa, gonar da ya ba ta sadaki ita aka ce ta mayar, a nan take kuma magana ta ƙare.

SULHU KAFIN KOTU

Sa'an nan kuma, kotu ita ce matakin ƙarshe a rikicin iyali. Allah Ya yi umarni a aya ta 35 ta Suratun Nisa'i cewa in an ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata, a tashi mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Muna da waliyyai da dattawan dangi da limamai da masu unguwanni, a waɗansu jihohi kuma akwai Hukumar Hisba, kamar ta Kano wadda aka kafa da doka a 2003, tana zaman sulhun aure da na gado. Abokin shari'arka a irin wannan rikici uban 'ya'yanki ne, ko uwar 'ya'yanka, ko ɗan'uwanka na jini. Bayan an tashi daga kotu za ku haɗu a wurin suna da biki da jana'iza. Hausawa sun ce shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Amma fa sulhun da ake nufi shi ne wanda ba ya halatta haram, ba ya haramta halal. Dattawa su taru su ce wa gwauruwa ta yi haƙuri ta bar wa ƙanen miji dukiyar marayu don kada zumunci ya lalace, wannan danniya ce aka sa wa rigar sulhu, kuma uwa ba ta da ikon yafe abin da ba nata ba.

YADDA ZA A ZAƁI LAUYA

In sulhu ya gagara, to ga ma'aunin zaɓe, yana nan a Suratul Ƙasasi, aya ta 26, inda ɗiyar dattijon Madyana ta shawarci mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa aiki saboda siffofi biyu: ƙarfi da amana. Ƙarfin lauya shi ne iliminsa, amanarsa kuwa tsoron Allah.

Ta fuskar ilimi, sai a fara da tabbatar da cewa lauya ne na gaske. A bakin kotuna akwai 'yan kamasho masu yawo da jaka da tarin takardu, suna tare mata da mutanen ƙauye, suna cewa sun san alƙali, sun san magatakarda. Lauyan gaske ya gama jami'a, ya wuce Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya, an rubuta sunansa a kundin Kotun Ƙoli, yana da ofis da za a iya zuwa a same shi, yana kuma manna hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya mai ɗauke da sunansa a takardun da ya shirya. Ƙungiyar tana da rassa a manyan garuruwa, ana iya zuwa a tambaya.

Bayan wannan, ba kowane lauya ne ya san shari'ar iyali ta Musulunci ba. Wani gwani ne a shari'ar kamfanoni ko ta zaɓe, amma bai san bambancin saki na kome da saki ba'ini ba. Ka tambaye shi kai tsaye, ba rashin kunya ba ne: ya saba tsayawa a kotun shari'a? Ya karanta fiƙihun Malikiyya? Ya san cewa a mazhabarmu uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗa namiji har ya balaga, ɗiya mace kuwa har ta yi aure ta tare, in uwar ta auri bare kuma riƙon ya koma wa kaka ta wajen uwa? Ya san i'izari, watau tambayar da alƙali yake yi wa wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja, wadda in aka tsallake ta ana iya rushe hukunci a ɗaukaka ƙara? Ya san matakan ɗaukaka ƙara, daga kotun shari'a zuwa babbar kotun shari'a, zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ikon duba al'amuran aure da riƙon yara da kyauta da wasiyya da waƙafi da gado? Ɗaukaka ƙara tana da wa'adi ƙayyadadde, sakacin lauya na 'yan kwanaki yana iya jawo wa mutum wahalar shekaru.

Ta fuskar amana kuwa, sai a yi bincike kamar yadda ake binciken mai neman aure. A tambayi limamin unguwa, da waɗanda ya taɓa yi wa aiki, musamman waɗanda ba su ci shari'arsu ba, domin su ne za su faɗi yadda ya riƙe su. A zaman farko ma ana gane mutum. Na kirki zai saurare ka har ka gama, ya tambaye ka abin da abokin shari'arka zai faɗa, ya gaya maka inda hujjarka take da rauni, in ya ga ba ka da gaskiya ya faɗa maka, in ya ga hanyar sulhu ya nuna maka, ko da hakan zai rage masa abin da zai samu. Amma wanda ya bugi ƙirji tun bai ji shaidu ba ya ce lalle sai ka ci shari'a, ka yi hattara da shi. Wanda ya ce ka kawo wani abu a kai wa alƙali, ka tashi ka bar masa ofishinsa, domin Annabi (S.A.W.) ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓarta. Wanda ya ce zai samo maka shaidu, ko zai koya wa naka abin da ba su gani ba, yana kiranka ne zuwa ga shaidar zur, wadda Annabi ya lissafa cikin mafiya girman zunubai. Haka nan wanda sana'arsa ita ce neman ɗaga shari'a da cin mutuncin abokin husuma. Ya tabbata a hadisin Nana A'isha (R.A.) cewa mai tsananin jayayya yana cikin waɗanda Allah Ya fi ƙi, malamanmu kuma sun ce bai kamata alƙali ya karɓi wakilcin wanda aka sani da wannan hali ba.

MAGANAR LADA

Ɗaukar lauya ijara ce, sharaɗin ijara kuwa shi ne a san aiki a san lada. Kada kunya ta hana ka yin ciniki tun farko. A yanka adadi sananne, a faɗi abin da ya ƙunsa: zaman kotun farko ne kaɗai ko har da ɗaukaka ƙara, kuɗin mota da na sammaci da na takardun kotu suna ciki ko dabam suke. A rubuta, kowa ya riƙe nasa, duk abin da aka biya kuma a karɓi rasit. Allah da Ya umarce mu da rubuta bashi a aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani Ya fi mu sanin halin ɗan Adam. A shari'ar gado a yi hattara da yarjejeniyar ba lauya wani kaso na abin da za a samu, domin lada ne wanda ba a san iyakarsa ba, balle in da rabon marayu a ciki, wanda ba a taɓa shi sai da izinin alƙali. Takardun asali na gida ko gona kuwa su zauna a hannunka, ka ba shi kwafi, in kotu ta nemi na asalin a kai su da saninka.

A rubuta kuma iyakar wakilcin. Malamai sun ce wakili ba ya yin iƙirari a madadin wanda ya wakilta shi, ba ya kuma yin sulhu ko yafe wani abu, sai in an ba shi wannan iko. Kai ma kuma akwai abin da ya hau kanka. Ka gaya masa gaskiya dukkanta, har abin da ba ya yi maka daɗi, kada ya je ya ji shi a bakin abokin shari'a. Ka halarci zaman kotu gwargwadon iko, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ya gama aikinsa ka biya shi ba tare da ja-in-ja ba, ko an ci ko ba a ci ba. In kuwa shi ne ya ci amanarka, akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi wanda yake da ikon dakatar da shi ko soke sunansa, ana kai kuka ta hannun ƙungiyarsu.

Wanda ba shi da hali kada ya yanke ƙauna. Akwai Hukumar Ba Da Agajin Shari'a ta gwamnatin tarayya, wadda aka kafa a 1976 don marasa ƙarfi, tana da ofisoshi a jihohi. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata da ake kira FIDA, mai tsaya wa mata da yara, akwai kuma Ƙungiyar Lauyoyi Musulmi ta Nijeriya. Ban da haka, a kotun shari'a ba dole ne sai da lauya ba. Mace tana iya wakilta mahaifinta ko wanta ko wani amintacce, tana kuma iya tsayawa da kanta. Hindu 'yar Utba da bakinta ta kai kukan ƙwauron mijinta Abu Sufyana gaban Annabi (S.A.W.), ya kuma ba ta amsa. Neman haƙƙi ba ya zubar da mutuncin mace.

AMSA GA MAI TAMBAYA

Ke kuma 'yar'uwa mai wasiƙa, Allah Ya jiƙan mijinki, Ya raya abin da ya bari. Ki nemi lauya, babu laifi a kanki, hasali ma tsaya wa dukiyar marayunki aikin lada ne. Bisa ga yadda kika bayyana, bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya in akwai, wadda ba ta wuce sulusi, za a kasa dukiyar kashi 48. Ke kina da 6, watau tumuni, kowane ɗa namiji yana da 14, kowace ɗiya tana da 7. Ƙanen mijinki ba shi da ko ƙwayar hatsi a ciki, domin ɗa namiji yana katange ɗan'uwan mamaci daga gado. Kuma a mazhabar Malikiyya kula da dukiyar maraya tana hannun wanda uba ya yi wa wasiyya da ita, in babu shi sai alƙali ko wanda alƙali ya naɗa. Zama baffa kaɗai ba ya ba mutum wannan iko. Ki rubuta duk abin da mamacin ya bari, ki nemo waɗanda suka san shagon da abin da ke cikinsa ranar rasuwa, lauyanki ya roƙi kotu ta sa a kawo lissafin shekara biyun nan, a raba gado, a naɗa amintacce a kan rabon yara. Kada ki ƙara ko allura a kan abin da kika sani, kada kuma ki bari a zagi baffan 'ya'yanki da sunanki, domin gobe yana cikin waliyyan 'yan matan nan.

Shi kuma baffan marayu, da duk mai irin halinsa, muna tuna masa aya ta 10 ta Suratun Nisa'i, inda Allah Ya bayyana cewa masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke zuba wa cikkunansu. Ya mayar da haƙƙi tun yana da ikon mayarwa. 'Yan'uwanmu lauyoyi kuma su tuna Allah Ya yi tambaya a cikin wannan sura, cewa in an yi jayayya don kare maha'inta a rayuwar duniya, wane ne zai yi musu jayayya a gaban Allah ranar alƙiyama. Kowace takarda da kuka sa wa hannu za ku tarar da ita a can.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Allah Ya shiryi alƙalanmu da lauyoyinmu, Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya jiɓinci al'amarin marayunmu.